AWA BIYAR ZUWA JIDDA, DA SAURAN KWANAKIN DA BA A FAƊA

   

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta nisan da ke tsakaninmu da Jidda, da yawan awoyin da jirgin sama ke ci kafin ya kai can. Abin da ya tayar da ita kowa ya sani. Duk shekarar da wani daga cikinmu ya samu hali ya biya wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa kujerar Makka, abin da yakan ce wa tsoho shi ne, "Baba, kada ka damu, ai awa biyar ce kawai." To, ba ƙarya ya yi masa ba. Amma kuma bai gaya masa duka ba, kuma a cikin abin da aka bari ɗin nan ne tsofaffinmu ke shan wahala. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu yi lissafin nan tare, da alƙaluma, kamar yadda mukan yi in za a sayar da sa.

Bari mu fara da nisa. Da za a ja igiya miƙe daga Magarya zuwa Makka, ba kwana ba kewaye, tsawonta zai kai kilomita 3,400. Daga Dungas ya ragu kaɗan, gama ita ta fi Magarya gabas. Igiyar nan ba gabas sak za ta nufa ba, za ta ɗan karkata arewa, watau dai inda muke fuskanta in mun tsaya salla. Daga filin jirgin Kano zuwa na Jidda shi ma kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Daga Damagaram 3,300. Daga Yamai kuwa wajen 4,000, domin Yamai tana can yamma da mu. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo kansa. Wani abin mamaki ga mai son ya kwatanta: nisan Yamai da Jidda kusan daidai yake da nisan Yamai da Faris ta ƙasar Faransa.

Sai gudu. Babban jirgin fasinja, in ya gama hawa ya daidaita a sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda. Mu ce 850. Watau kilomita 14 a kowane minti. Daga Magarya zuwa Damagaram, hanyar nan ta Bande da muka sani kamar tafin hannunmu, kusan kilomita 90, minti shida ne da ɗan abu a wurinsa. Kafin mai shayi ya wanke kofi ya zuba maka, an wuce. In ka raba 3,400 da 850 za ka sami awa huɗu. Me ya sa ake cewa biyar? Domin jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, sai ya hau a hankali, kuma tun da sauran nisa yake fara rage gudu don sauka. Sa'an nan sama ma tana da hanyoyinta, matuƙi ba ya bin inda ya ga dama, yana bin layin da masu kula da sararin kowace ƙasa suka ba shi. Wani lokaci kuma ya iso ya tarar da wasu jirage a gabansa, a ce ya yi shawagi ya jira. In an haɗa duka, Kano zuwa Jidda takan kama awa huɗu da rabi zuwa biyar, Yamai zuwa Jidda kuwa biyar da rabi ko kusa da haka.

Akwai kuma iska. Can sama akwai iskar da ke gudu kamar kogi, in ta bi bayan jirgi ta tura shi, in ta tare gabansa ta rage masa. Da ɗari galibi daga yamma take busowa, ta taimaki mai zuwa, da damina kuwa a sararin ƙasashenmu daga gabas take zuwa, ta taimaki mai dawowa. Shi ya sa in Alhaji wane ya ce shi awa huɗu da rabi ya yi, Alhaji wane ya rantse biyar ce da kwata, kada a yi musu a majalisa. Duka biyun suna iya zama masu gaskiya.

Har yaƙi ma yana shiga lissafin. Igiyar da muka ja ɗazu ta ratsa ƙasar Cadi, ta ratsa Sudan, kana ta haye Bahar Maliya. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Jiragen shekarar nan dole suka yi kewaye, tafiya ta ƙaru da awoyi, mai ya ƙaru, har kamfanonin da ke ɗaukar alhazan Nijeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane mutum. Mutumin Dogo-Dogo ko Malawa da bai taɓa ganin Hartum ba, faɗan can yana iya taɓa masa aljihu.

To, iyayenmu, wannan shi ne na sama. Yanzu mu sauko ƙasa, inda maganar take.

Filin jirgin Kano yana kusa da mu. Ko ta Tinkim ka bi, ko ta Maigatari, ba za ka ci kilomita 200 ba. Da yawa cikin matasan da ke zaune a nan sukan karya kumallo a gida su yi azahar a Kano. Amma kujerar aikin hajji ba ta filin jirgi ba ce, ta ƙasa ce. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince a riƙa bai wa kowace ƙasa kaso gwargwadon yawan Musulminta, kamar mutum ɗaya cikin dubu. A 2023 kason Nijar ya kasance kujera 15,891, na Nijeriya 95,000. Mai fasfon Nijar cikin kason Nijar yake, a ƙarƙashin hukumar aikin hajji da umra da ake kira COHO, kuma galibin alhazan ƙasar daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai suke tashi. Kusancin Kano ba ya canja wannan. Mun kuma gani da idonmu, daga tsakiyar 2023 zuwa watan Maris na 2024, yadda iyaka kan rufe a bar mutum yana hangen garin 'yan uwansa ba halin shiga.

Saboda haka ga tafiyar tsohonmu. Ya tashi daga ƙauye, mu ce a ƙasar Guci ko Waca, a amalanke ko a bayan babur, zuwa inda zai sami mota. Ya zo Magarya ko ya wuce Damagaram, ya kwana a gidan ɗan uwa ko a tasha. Da asuba ya shiga babbar mota ta Yamai: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso. Kusan kilomita 900 daga Damagaram, yini guda cur a zaune, in mota ba ta lalace ba. In ka haɗa da na gida, ya yi kilomita 1,000 yana tafiya yamma, ya juya wa Makka baya. Ya isa Yamai ya jira a kira sunansa, jiran da ba mai iya faɗa maka tsawonsa tun daga gida, domin jirgi yana iya jinkirta, biza tana iya makara. Ran da jirgin ya tashi kuwa, cikin awa guda ya komo sararin jiharmu ta Damagaram, ya wuce ta can arewa wajen Damargu. Abin da mota ta yini tana yi, jirgi ya warware shi cikin awa ɗaya. Tsoho ya biya kuɗin zuwa yamma a mota, ya kuma biya kuɗin dawowa gabas a jirgi.

Da a ce daga Damagaram yake tashi, da an rage masa kilomita 700 a sama, da 900 a ƙasa, sau biyu, zuwa da dawowa. A ganinmu wannan magana ce da ta cancanci sarakunanmu da wakilanmu su riƙa tayar da ita kowace shekara, ba sai an zo bakin tafiya ba. Gundumomin Magarya da Dungas suna cikin mafi cikar jama'a a ƙasar nan, kuma ba mu kaɗai za mu amfana ba, har da mutanen Matamai da Mirya da Gure.

A can ma sauka ba ita ce isowa ba. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana da sashe na musamman don alhazai, kuma a nan sai an bi layin fasfo, an nemi kaya, an jira mota. Daga nan zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Wanda aka fara kai shi Madina kuwa, tsakaninta da Makka ya haura kilomita 400. In ka lissafa tun daga ƙofar gida har ƙofar masauki, awa biyar ɗin nan ita ce mafi ƙanƙanta a cikin tafiyar, kuma ita ce mafi sauƙi, gama a zaune kake ana kawo maka abinci.

Kada wani ya ce muna raina ni'ima. Akwai a cikinku waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu yadda ake tafiyar nan da can. A ƙasa ake yin ta, da jaki da sanda da gora. A bi ta Barno, a haye zuwa Farlomi wadda yau ake kira Injamena, a wuce Abashe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a kai Ubayyid inda dogo ya iso tun 1912, sa'an nan Hartum, sa'an nan bakin teku a Sawakin, a nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Ko da mutum zai yi kilomita 25 kullum ba hutu, a kan igiyar nan miƙaƙƙiya, sai ya yi wata huɗu da rabi. Hanyar ƙasa kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce, kuma ba wanda ke tafiya ba hutu. Guzuri kan ƙare, a tsaya a yi noma damina guda, a yi ɗinki ko wanzanci ko karantarwa, a tara a ƙara gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, alhazanmu da yawa a nan suka riƙa tsayawa cirar auduga. Tafiya ta shekara biyu, biyar, har goma ba abin mamaki ba ce. Wasu an haife su a hanya, wasu an binne su a hanya, wasu kuma suka zauna ke nan. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma har yau akwai masu jin Hausa birjik a Sudan.

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan sun san tafiya za su yi. Sukan biya bashi, su raba gona, su yi wasiyya, su nemi gafarar kowa, kuma ba mai fita shi kaɗai. Mu kuwa da muka ji awa biyar sai muka ɗauke ta kamar zuwa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Jirgin sama ma bai fara da awa biyar ba. Jiragen farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne na sojan Ingila, sun taso daga kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba. Kwana shida suna tafe suna sauka suna shan mai, kuma hanyar alhazai suka biyo a juye, ta Hartum da Fashir da Farlomi da Maiduguri. A ƙarshen shekarun 1940 ne wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim, suka kafa kamfanin jigilar alhazan Afirka ta Yamma. 'Yan Kano da ke cikinmu, wurin nan na Fage da kuke zuwa canjin kuɗi, Wapa, daga sunan kamfanin nan ya samo nasa. Dattawa kuma ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ran da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai je Legas yanayi ya hana shi, aka karkato shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Mun ambaci wannan ne domin in aka ce an jinkirta tashi saboda hazo ko hadari, kada a yi ta zagin ma'aikata. Jinkirin nan wani lokaci shi ne alheri.

Yanzu ga wani abu da ke rikita mutane ƙwarai, watau agogo. Rana tana riga fitowa a Makka da kamar awa biyu kafin ta fito a Magarya. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama ko a cikin ƙasar nan, da azumi, mukan sha ruwa mutanen Yamai na da sauran kusan rabin awa. Saboda haka agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da ake magana ne, tashi da agogon inda aka tashi, sauka da agogon inda aka sauka. Misali, jirgi ya bar Yamai ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar da rabi. A agogon hannun Baba ƙarfe 3 da rabi ne na dare, amma a Jidda 5 da rabi ce, gari ya kusa wayewa. Mai duba tikiti sai ya ce awa bakwai da rabi aka yi. A dawowa kuma jirgi ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe ya sauka Yamai ƙarfe 1 da rabi na rana, sai a ce ai uku da rabi ce. Tafiyar ɗaya ce, agogon ne biyu.

Wannan ba maganar hira ba ce kawai. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na ciwon suga a kan lokaci, ya tambayi likita tun a gida yadda zai yi da awa biyun nan, kuma maganin ya kasance a jakar hannu, kada a cusa shi cikin babban kaya, gama kaya na iya makara. Ku kuma 'yan gida masu buga waya, in kun kira bayan isha'i ƙarfe 9, ku sani can 11 ce, mutumin da ya yini a rana yana barci. Lokutan salla ma a tafiyar gabas suna gaggawar zuwa, asuba takan riski mutum tun bai zata ba.

Haka batun harami. Yadda hukuncinsa yake ga mai sauka Jidda, malamai suna nan, su za su yi bayani, ba mu ba. Namu dai lissafi ne. Matuƙi kan sanar in an kusa daidai da miƙati, amma jirgin da ke cin kilomita 14 a minti ba ya jiran tsoho ya tashi ya buɗe jaka ya nemi wurin canja tufafi, ga mutum ɗari uku kowa na son bayi ɗaya. Wanda zai wuce Makka kai tsaye, ya shirya tun a ƙasa. Wanda za a fara kai shi Madina kuwa ba shi da wannan damuwa, sai ran fitowa ya ɗauka a Zul Hulaifa. To, wanne ne cikin biyun ya shafi tsohonka? Ka tambayi kamfanin da ka biya tun da wuri, a gaya maka Jidda ce ko Madina.

A nan bari mu ɗan ratse mu yi wa masu zuwa umra magana, musamman 'yan kasuwarmu masu neman tikiti mai rahusa. Tikitin da ya fi araha sau da yawa mai yada zango ne. In ya bi da kai daga Kano ta Alƙahira, kilomita 3,400 ta zama 4,300. In ta Adis Ababa ce, 4,700. In daga Yamai ta Santambul ce, 4,000 ta koma kusan 6,400, ban da awoyin zama a filin jirgin da ba mai jin Hausa, ana neman ƙofa da lamba. Ga saurayi mai karatu wannan ba komai ba ne. Amma kada ka sayi irin wannan ka miƙa wa gyatumarka ita kaɗai don ka rage jaka hamsin.

Akwai ƙananan abubuwa da kan zama manya a hanya. Tsofaffinmu da yawa kan ƙi shan ruwa tun daga Damagaram don kunyar tambayar bayi, su yini a mota, su kwana a jira, su shiga jirgi mai busasshiyar iska, su sauka cikin zafin Hijaz jiki ba ruwa. A hajjin 2024 zafi ya kai inda mutum sama da 1,300 suka rasu, galibinsu waɗanda suka shiga ba ta hanyar hukuma ba, ba tanti ba mota. A nuna wa tsoho tun a gida cewa jirgi na da bayi, a gaya masa yadda ƙofarsa take. Ya riƙa motsa ƙafa, ya tashi ya ɗan taka in an ba da dama, gama dogon zama na kumbura ƙafa. Allurar sanƙarau da ta shawara kuma sai sun kwana goma a jiki kafin a isa, saboda haka su ma suna cikin kwanakin tafiya. Goro dai a bar shi gida, kuma kada a karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko da ya ce saƙon ɗan uwa ne.

Abin da muke roƙon taron nan ya amince da shi bai da yawa. Duk mai niyyar bana ko mai biya wa wani, ya ba magatakarda suna tun yanzu, a san su, a haɗa su tafiya ɗaya in ya yiwu, mai ƙarfi da mara ƙarfi, mai karatu da mara karatu. A fitar da saurayi guda da zai raka su har Yamai ya zauna sai jirgi ya tashi, kuɗin motarsa daga asusun ƙungiya. 'Yan uwanmu mazauna Yamai su faɗi wanda zai iya saukar da baƙi, da mutum nawa. Guzurin hanya kuma a ware shi dabam da na Makka, a lissafa shi na mako guda zuwa, mako guda dawowa, domin mai dawowa ma sai ya sake cin kilomita 1,000 ɗin nan a mota, ga gajiya, ga kaya, ga tari. In kuɗin ya yi saura, ya sayo wa jikoki tsaraba a Maraɗi.

Magatakarda yana nan bakin ƙofa da littafi. Waɗanda ba su zo ba, a kai musu wannan takarda a karanta musu.